Wai Duk Cikin Kwamfuta Muke?

A tsakiyar shekarar 2016, a wani taron masu harkar fasaha da aka yi a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani daga cikin masu sauraro ya tambayi Elon Musk ko yana ganin wannan duniyar da muke ciki ta gaske ce. Attajirin bai yi wata-wata ba. Ya ce a lissafinsa, yiwuwar a ce muna zaune a duniya ta asali ba ta wuce ɗaya cikin biliyoyi ba. Hujjarsa kuwa wasan gem. Shekara arba'in da suka wuce, in ji shi, abin da ake da shi shi ne Pong, 'yan sanduna biyu da ɗigo ɗaya suna kai da komo a allo. Yau ga gem mai kama da hoton gaske, miliyoyin mutane suna bugawa a lokaci guda. In aka ci gaba a haka, ko da tafiyar hawainiya ce, wata rana ba za a iya raba gem da zahiri ba. To me ya tabbatar mana ba a riga an kai can tuntuni ba, mu ne kuma 'yan cikin gem ɗin?

A shekarar dai, a wata muhawara da aka shirya a gidan adana tarihin halittu na birnin New York, masanin taurari Neil deGrasse Tyson ya ce shi a wurinsa abin rabi da rabi ne. Lisa Randall ta Jami'ar Harvard, wadda ke cikin masu muhawarar, ta ce a ganinta yiwuwar kusan babu ce, abin da ma ya fi ɗaure mata kai shi ne yadda mutane da yawa suka ɗauki batun da muhimmanci. Ba a cika maimaita maganarta ba, don mai cewa a'a ba ya tara 'yan kallo. Ta Musk ce ta zaga duniya, aka yayyanka ta gajeru-gajeru, aka ɗora mata kiɗa mai tayar da tsikar jiki, har ta iso wayoyin samarinmu.

Gara in faɗi matsayata tun kafin mu yi nisa. Wannan magana ba kimiyya ba ce, ba kuma addini ba ce, ko da yake tana aron rigar kowannensu. Tambaya ce ta falsafa mai daɗin taunawa, ta kuma cancanci a saurare ta da kunnen basira. Amma ranar da aka fitar da ita daga majalisar hira aka mayar da ita ma'aunin yadda mutum zai ɗauki ɗan'uwansa, ta zama cuta, kuma ba masu tallanta ne za su kwanta jinya ba.

Adalci shi ne a fara da wanda ya tsara hujjar, ba da dillalanta ba. Nick Bostrom ne, masanin falsafa ɗan ƙasar Suwidin, a wata maƙala da ya wallafa a 2003 yana Jami'ar Oxford. Abin da yawancin masu ambatonsa ba su lura ba shi ne, bai ce muna cikin kwamfuta ba. Cewa ya yi cikin abubuwa uku dole ɗaya ya zama gaskiya. Ko dai kusan duk al'umma mai wayewa irin tamu tana hallaka kafin ta kai ƙarfin ƙera kwamfutar da za ta kwaikwayi mutane masu tunani. Ko tana kaiwa amma ta ƙi yi, don rashin sha'awa ko don doka ta hana. Ko kuwa, in biyun farko sun faɗi, to kusan tabbas mu ma kwaikwayo ne.

Yadda ya iso ga na ukun lissafi ne. Ya ƙiyasta cewa kwamfuta mai girman duniya guda za ta iya yin lissafi adadin 1 da sifili 42 a bayansa cikin daƙiƙa ɗaya, alhali kwaikwayon duk tunanin da 'yan Adam suka taɓa yi tun farkon tarihi ba zai ci fiye da 1 da sifili 36 ba. Ke nan cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa ta gama da mu da kakanninmu. Al'ummar da ta mallaki irin wannan na'ura, in ta so ganin yadda magabatanta suka rayu, ba sau ɗaya za ta kunna ba, sau miliyoyi za ta kunna. Sai mutanen kwaikwayo su ninka na asali ninkin ba ninkin, kuma kowane ɗaya cikinsu yana jin shi na gaske ne. Kai da ba ka da hanyar sanin wane rukuni kake, hankali zai ce ka lissafa kanka cikin masu rinjaye. Hujja ce mai tsari, ban raina ta ba. Shi kansa Bostrom, da aka matsa masa, ya ce a zatonsa yiwuwar na ukun ba ta kai rabi ba.

Shakkar da ke ƙarƙashin wannan lissafi kuwa tsohuwa ce tukuf. A ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, Zhuangzi na ƙasar Sin ya ba da labarin mafarkin da ya yi ya zama malam-buɗe-littafi, da ya farka sai ya rasa gane shi ne ya yi mafarkin ƙwaron ko ƙwaron ne ke mafarkinsa. René Descartes na Faransa, a 1641, ya ƙaddara akwai wani mugun aljani mai wayo da ke ruɗarsa a kan duk abin da yake gani da ji. Amma wanda ya fi kama mini hankali shi ne Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, fiye da shekara 500 kafin Descartes ya ɗauki alƙalami. A cikin Almunƙizu Minad Dalal ya bayyana yadda ya tuhumi idonsa. Ido yana kallon inuwa ya ce a tsaye take, bayan sa'a guda sai ka tarar ta gusa, ashe tun ɗazu tafiya take sannu a hankali. Yana kallon tauraro ya ce bai fi dinari ba, ilimin lissafi ya ce ya fi ƙasa girma. To in hankali ya ƙaryata ido, me zai hana a sami wani alƙalin a bayan hankali da zai ƙaryata shi ma, kamar yadda farkawa ke ƙaryata mafarki? Ya ce ya yi kusan wata biyu cikin wannan hali. Abin lura shi ne sunan da ya ba halin. Ciwo ya kira shi, ya kuma ce ba jera hujjoji ne ya warkar da shi ba, wani haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji. Abin da Ghazali, malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya ɗauka jinya ya nemi waraka, shi ne yau ake sayar mana a matsayin wayewa.

Abin da ya sauya kawai na'urar ce. Kowane zamani yana kallon halitta da madubin injin da ya fi burge shi. A ƙarni na 17, lokacin da agogo ke tashe a Turai, masanin kimiyya Robert Boyle ya kamanta duniya da katafaren agogon nan na birnin Strasbourg. Da wayar tangaraho ta zo, sai aka ce jijiyoyin mutum wayoyin tangaraho ne. Da tarho ya yaɗu, ƙwaƙwalwa ta zama ofishin haɗa layi. Yanzu kwamfuta ce a hannun kowa, sai ga sama da ƙasa sun zama manhaja. Kowane kamance ya yi amfani a lokacinsa, ya kuma tsufa. Ban ga dalilin da zai sa namu ya zama na ƙarshe ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wani sharaɗi da Bostrom ya gindaya a farkon maƙalarsa, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ɗauka ya yi, ba tabbatarwa ba. Sharaɗin shi ne, jin kai da sanin kai ba su damu da abin da aka gina su a kai ba; in aka tsara lissafin daidai, silikon, sinadarin da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, zai ji abin da tsoka ke ji. Duk ginin a kan wannan yake tsaye. In kwamfuta ba ta iya jin komai, to ko an kunna kwaikwayo tiriliyan, babu kowa a ciki, kuma kai da kake jin ƙaiƙayin sauro a ƙafarka ba ka cikinsu. John Searle na Jami'ar Berkeley ya yi wannan suka tun 1980, da ya ce babu wanda ke zaton kwaikwayon ruwan sama a kwamfuta zai jiƙa mu, ko kwaikwayon gobara ya ƙone unguwa. Masu kare ra'ayin suna da amsa mai ƙarfi: ai kwamfutar da ta kwaikwayi lissafi, lissafin ta yi da gaske, don haka wataƙila tunani dangin lissafi ne ba dangin ruwa ba. Na yarda tambaya ce. Amma ciwon haƙori, dangin wanne ne? Masana sun shafe shekaru suna jayayya a kai ba su rabu ba. Wanda ya ɗauki ɓangare ɗaya na jayayyar da ba a yanke ba, ya gina lissafi a kai, ya fito da “ɗaya cikin biliyoyi”, shaci-faɗi ya yi, sai dai ya sa masa lambobi.

Mu sauko ƙasa mu ga inda aka kwana a aikace. Akwai wata 'yar tsutsa da ake kira C. elegans, tsawonta kamar milimita ɗaya, ƙwayoyin jijiyarta 302 ne cif. Tun 1986 Sydney Brenner da abokan aikinsa a Kambirij suka fitar da taswirar yadda kowace ƙwaya ta haɗu da 'yar'uwarta. A 2011 masu bincike daga ƙasashe daban-daban suka kafa shirin OpenWorm don su gina tsutsar cikakkiya a kwamfuta. Har yau ba a sami kwaikwayon da ke yin duk abin da mai rai ke yi ba. Ƙwaƙwalwar mutum kuwa ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 gare ta. A 2013 masu bincike suka yi amfani da K, babbar kwamfutar Japan, suka kwaikwayi ƙwayoyi biliyan 1.73, sai da ta ɗauki minti 40 kafin ta fitar da aikin daƙiƙa ɗaya. Masanin ƙwaƙwalwa Henry Markram ya tsaya gaban jama'a a 2009 ya ce cikin shekara goma za a iya gina ƙwaƙwalwar mutum a kwamfuta. Tarayyar Turai ta buɗe babban shiri a 2013, aka kashe sama da Yuro miliyan 600, aka rufe a 2023. An sami ilimi mai amfani, amma ƙwaƙwalwar ba ta samu ba. Frontier, kwamfutar Amurka da ta fara haura lissafi 1 da sifili 18 a daƙiƙa a 2022, tana shan wuta kimanin megawat 21. Abin da ke cikin ƙoƙon kanka wat 20 yake sha, kashi ɗaya cikin miliyan ke nan, kuma da tuwo da miya ake cajinsa.

Za a ce mini Bostrom ba maganar bana ko baɗi yake ba, maganar shekara dubu ko miliyan yake. Haka ne. Amma Musk da hanyar da aka biyo ya kafa hujja, don haka a duba hanyar. Daga Pong na 1972 zuwa ƙwallon da yara ke bugawa a gidan gem yau, me ya ci gaba? Hoto. Gumin ɗan wasa yana sheƙi, ciyawa tana kwanciya, 'yan kallo suna ihu. Amma ɗan wasan da aka yi wa keta ya faɗi yana birgima bai ji komai ba, daidai da yadda sandar Pong ba ta jin komai. Ta fuskar kamanni an yi tafiyar shekara hamsin, ta fuskar ji ba a ɗaga ƙafa ba. Musk ya auna hanyar farko ya ce mun kusa ƙarshen ta biyu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kimiyyar fiziya ma ba ta sauƙaƙa musu ba. Tun 1981 masanin fiziya Richard Feynman ya nuna cewa kwamfuta irin tamu ba za ta iya bin diddigin ƙananan ƙwayoyin halitta yadda dokokin kwantum suka tanada ba, don lissafin yana ninkuwa da ƙarin kowace ƙwaya. Ƙwayoyi 300 kacal, in suka sarƙe da juna, cikakken bayanin halinsu yana buƙatar lambobin da suka fi yawan ƙwayoyin zarra da ke cikin duk sararin da muke iya hangowa. Ƙwayoyi 300, alhali ɗigon ruwa ɗaya ya ƙunshi fiye da biliyan sau biliyan. Bostrom ya san da wannan. Mafitarsa ita ce, masu na'urar ba sai sun kwaikwayi komai ba, abin da ake kallo kawai za su cike. In wani ya leƙa madubin ƙara girma, sai a zana masa abin da ya kamata ya gani. In kuma wani ya gano ɓaraka, sai a goge masa tunanin, ko a mayar da shirin baya kaɗan a sake.

Daga nan maganar ta fice daga gidan kimiyya. A 2012 wasu masana uku, Silas Beane da Zohreh Davoudi da Martin Savage, sun yi ƙoƙari na gaskiya. Suka ce in an gina sararin samaniya a kan ƙananan gidaje irin na raga, yadda su kansu suke yi in suna kwaikwayon cikin ƙwayar zarra, to ya kamata a ga alamar ragar a yadda ƙwayoyi masu matsanancin ƙarfi ke faɗo mana daga sama, su fi yawa ta wasu fuskoki. Ba a ga ragar ba. Amma wa ya janye? Sai aka ce ragar ta fi haka ƙanƙanta, ko masu na'urar sun ɓoye ta. In an ga alama, hujja ce; in ba a gani ba, sun iya ɓoyo; in an gani an manta, sun goge. Masanin falsafar kimiyya Karl Popper ya daɗe da cewa ra'ayin da babu wani abin da zai faru ya ƙaryata shi ba ya cikin kimiyya, kuma a kan irin wannan dalili ne masaniyar fiziya Sabine Hossenfelder ta Jamus ta kira batun kimiyyar bogi.

Sauran “alamomin” da ake yawo da su a bidiyo ba su cancanci dogon zance ba. Wai gudun haske, kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa, shi ne iyakar ƙarfin injin. Wai in ka ji kamar ka taɓa ganin abin da ke faruwa yanzu, shirin ne ya yi tuntuɓe. Wai mutanen da suka rantse Nelson Mandela ya mutu a kurkuku, alhali a gidansa ya rasu a Disambar 2013, sun tuno wata tsohuwar sigar duniya ce kafin a sabunta ta. Mantuwa da ruɗewar tunani sun ishi bayanin biyun ƙarshe. Na farkon kuwa kamance ne kawai, kuma kama da wane ba ta wane.

Akwai wata ɓaraka da ta fi duk waɗannan, kuma ita ce ta sa na daina jin nauyin hujjar. Daga ina aka samo lambobin? Saurin silikon, girman ƙwaƙwalwa, tarihin gem, sifili 42, duk daga wannan duniyar aka auno su. In duniyar ta bogi ce, to ma'aunan ma na bogi ne, kuma ba su gaya mana komai game da duniyar masu na'urar, wadda ƙila ba ta da silikon, ba ta da lantarki, ba ta ma da lokaci irin namu. Kamar shaida ne ya tsaya gaban alƙali ya ce duk mutanen garin nan maƙaryata ne, aka tambaye shi daga ina yake, ya ce nan aka haife shi. In an gaskata shi an ƙaryata shi. Hujjar tana buƙatar duniya ta zama abin dogaro kafin ta iya nuna cewa duniya ba abin dogaro ba ce.

Wanda ya zauna a zaure ya karanci Ummul Barahin ta Shehu Sanusi ya san hukuncin hankali kashi uku ne: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Mafi girman matsayin da wannan magana za ta samu shi ne a ce hankali bai kore ta ba. To abubuwan da hankali bai kore ba ai ba su ƙirguwa. Masanin falsafa Bertrand Russell ya kawo misali a 1921 cewa babu wata hujjar hankali da za ta hana a ce minti biyar da suka wuce aka yi duniya, aka zuba mana tunanin yarinta da tabon tsofaffin raunuka. Ba mai iya rushe wannan, ba kuma mai fasa biyan bashin jiya saboda shi.

Na ga wasu masu addini, Musulmi da Kirista, suna murna da batun. Suna cewa ga Turawa sun biyo hanya, sun yarda akwai wanda ya tsara duniya. Ina ganin a yi hattara da wannan murna. Mai na'urar da Bostrom ya zana halitta ne irinmu, mai iyaka, mai tsimin lissafi don kada injinsa ya gaza, mai yin kuskure ya goge. Bostrom ya ma rubuta cewa shi ma mai na'urar ƙila kwaikwayo ne a na'urar wani, wancan ma haka, hawa kan hawa. Malaman tauhidi sun san wannan tun da daɗewa, shi ne tasalsuli, jerin da ba shi da farko, kuma sun ce ba ya amsa tambayar asali, tura ta gaba kawai yake yi. Sai kuma maganar manufa. Gaskiya ne Alƙur'ani, a Suratul Hadid aya ta 20, ya siffanta rayuwar duniya da wasa da shagala da ado da alfahari. Amma shi ne kuma ya ce a Suratul Anbiya aya ta 16 ba a halicci sama da ƙasa da abin da ke tsakaninsu da wasa ba, ya kuma tambaya a Suratul Muminun aya ta 115 ko mutane na zaton an halicce su ne a banza. Idan tsohuwa ta ce wa jikanta duniya mafarki ce, nufinta gajeruwa ce, za a farka, za a yi hisabi, don haka kada ka ci haƙƙin kowa. Maganarta ƙara wa aiki nauyi take. Maganar gem rage masa nauyi take. Sun yi kama a baki, amma gabas da yamma suka nufa.

Kada a ce ƙage na yi. A 2001, tun kafin maƙalar Bostrom ta fito, Robin Hanson, masanin tattalin arziki a Jami'ar George Mason ta Amurka, ya wallafa rubutu kan yadda ya kamata mutum ya rayu in yana zaton a kwaikwayo yake. Cikin shawarwarinsa akwai rage damuwa da sauran mutane, da fifita yau a kan gobe, da ƙoƙarin zama mai ban sha'awa, da kusantar shahararru, don kada masu na'urar su gaji da kai su kashe ɓangarenka. Dalilinsa a fili yake: in ana tsimin lissafi, ba kowa za a cika wa rai ba. Bostrom ma ya taɓo yiwuwar a cika wasu tsiraru, sauran jama'a su zama inuwa kawai, ana motsa su daidai yadda ba za a gane ba. Masu buga gem suna da suna ga irin waɗannan, NPC, wato mutanen da aka zuba a gefen hanya don cike gurbi, ba mai sarrafa su, ba komai a cikinsu. Kalmar ta riga ta fito daga gem ta shiga bakin matasa a intanet, suna jifan duk wanda suka raina da ita.

Ban taɓa jin wanda ya karɓi wannan ra'ayi ya kammala da cewa shi ne inuwar ba. Kullum shi ne ɗan wasa, direbansa da mai gadinsa da mai yi masa wanki su ne cike gurbi. Ɗan Adam bai taɓa rasa dabarar cire wasu daga sahun mutane ba, an yi da launin fata, an yi da asali, an yi da bauta, kuma kowane karo sai an samo wa dabarar malamai da lissafi. A 2016 mujallar New Yorker ta ruwaito cewa wasu attajiran fasaha biyu sun ɗauki masana a asirce don su nemo hanyar fasa kwaikwayon a fita. Dubi inda tunanin ya kai su. Ba su ce a gyara ba, cewa suka yi a tsere. Mutumin da bai taɓa kwana da yunwa ba, wanda duk abin da ya taɓa sai ya zama kuɗi, ba abin mamaki ba ne duniya ta yi masa kama da gem. Matar da ambaliyar Maiduguri ta 2024 ta raba da gidanta cikin dare ba ta da wannan shakkar, kuma ban ga abin da ya sa za a ɗauki jin attajirin ya fi nata zama hujja ba.

David Chalmers, wanda ya fi kowa kare yiwuwar batun a cikin masana falsafa na yau, ya toshe wannan ƙofar da kansa. A littafin da ya fitar a 2022 ya ce ko da a kwaikwayo muke, tebur tebur ne, ciwo ciwo ne, mutum mutum ne, abin da aka gina su da shi ne kawai ya bambanta da zatonmu. Bostrom ma ya ce in an fahimci hujjarsa daidai, babu dalilin da zai sa kowa ya sauya yadda yake tafiyar da rayuwarsa. To in ta tabbata ba ta sauya komai, in ta ƙaryata ba ta sauya komai, wurin da take aiki ɗaya ne tak, wato a hannun mai neman uzuri.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda aka yi wa reshen farko na hujjar kunnen uwar shegu, alhali shi kaɗai ne ake iya aunawa. Cewa al'umma mai fasaha tana iya hallaka kanta ba ja'izin zaure ba ne. Cibiyar SIPRI ta Stockholm, mai binciken makamai da zaman lafiya, ta ƙiyasta makaman nukiliya kimanin 12,000 a duniya, kusan kashi 90 cikin 100 a hannun Amurka da Rasha. Kuma an taɓa yin ranar da kwamfuta ta zana wa mutum duniyar ƙarya da gaske. Daren 26 ga Satumba 1983, Laftanar Kanar Stanislav Petrov yana bakin aiki a wata cibiyar sa ido ta Tarayyar Sobiyet kusa da Mosko, sai allo ya nuna Amurka ta harbo makami mai linzami, can ya nuna wasu, har biyar. Na'urar ta ba da tabbaci mafi girma. Petrov ya yi tunanin cewa mai niyyar fara yaƙin ƙare dangi ba zai fara da biyar ba, ga shi kuma na'urorin hango na ƙasa ba su ga komai ba, sai ya kai rahoton cewa kuskuren inji ne. Daga baya bincike ya gano hasken rana ne ya daki saman gizagizai ya ruɗi tauraron ɗan Adam. Ba a ba shi lada a lokacin ba, faɗa ma aka yi masa kan rashin cike takardun aiki. Sai a Nuwambar 2024, a birnin Lima na ƙasar Peru, shugabannin Amurka da Sin suka fito suka amince cewa shawarar harba nukiliya ta ci gaba da zama a hannun mutum, kada a miƙa ta ga ƙirƙirarriyar basira. Magana ce ta baki tsakanin ƙasashe biyu cikin tara masu makamin, ba yarjejeniyar da ke ɗaure kowa ba, kuma ɗaya daga cikin shugabannin biyu ya bar mulki bayan wata biyu.